Bazara Ta Shigo: Ina Talakan Kano Zai Sha Inuwa?



Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa da misalin ƙarfe biyu na rana a 'yan kwanakin nan, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kai. Mutane ne kwance a kan kwali da buhu. Mai adaidaita sahu ya faka ya miƙe a kujerar baya, ɗan dako ya yi matashi da takalminsa, dattijo ya cire hula yana fifita da ita, almajirai sun jera kamar an shanya su. Ba wanda ya gina gadar nan don a huta a ƙarƙashinta, don motoci aka yi ta. Amma yau tana cikin manyan inuwoyin da talakan birnin nan zai shiga ba a tambaye shi kuɗin ƙofa ba, ba kuma a ce masa wa kake nema ba. Inuwar siminti, da hayaƙin mota, da ƙarar hon.

Kowa ya san halin bazarar Kano. Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, zafi kan haura digiri 40 da rana. Kwanon rufi ya ɗauki wuta, bangon bulo ya sha rana tun safe ya riƙa amayar da ita har tsakar dare. Wutar lantarki kuwa kun fi mu sanin labarinta, lokacin da aka fi buƙatarta lokacin take ɗaukewa. Shekarun nan ma azumi da ƙaramar Sallah sun yi ta faɗowa cikin wannan yanayi, mun ga yadda magidanta ke jiƙa zani su lulluɓa, mun ga yadda ƙanƙara ta zama abin layi da rububi kafin magariba. Mai hali ya kunna janareto ko sola ya rufe ƙofa. Wanda ya fi shi hali ya hau jirgi. Saura mu.

Mun san akwai waɗanda za su ce shafin nan ya saki layi. Ana maganar deliget, ana maganar wa zai fito takara wa zai janye, ku kuma kun ɓige da zancen bishiya da wurin shan iska? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Matsayarmu ita ce: wurin da talaka zai kai iyalinsa su zauna a inuwa, yara su yi guje-guje, a sha iska a koma gida, haƙƙi ne, ba alfarma ba ne, kuma ba kayan ƙawa ba ne. An ƙwace wannan haƙƙi ne da biro da takarda, a ofis, kuma 'yan siyasa ne suka sa hannu. In siyasa ce ta cinye shi, siyasa ce za ta dawo da shi. Shi ya sa maganar ta shafi wannan tsagi namu kai tsaye.

Kada wani ya ce mana wai wurin shaƙatawa al'adar Turawa ce muke son kwaikwayo. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano, garin Bahaushe yana da hurumi, wato filin da ba na kowa ba ne don na kowa ne, ba mai noma shi, ba mai gina shi. Yana da dandali inda yara da 'yan mata ke wasa da farin wata. Yana da gindin durumi ko ceɗiya ko tsamiya a ƙofar fada da bakin kasuwa, inda dattawa ke zama a yanke shawara, baƙo ya sauke kayansa ya huta. Yana da burtali na shanu. A cikin ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, ba gidaje kawai aka kewaye ba, an kewaye fili mai yawa da gonaki da kududdufai, ga Dala ga Goron Dutse a tsaye. Kududdufan nan ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, amma sun zama matattarar ruwan damina, su ne ke shanye ambaliya. Magabata ba su karanta tsarin birane a jami'a ba, amma sun san gari ba ya numfashi in ba a bar masa hanci ba. A addinance ma malamai sun yi bayanin keɓe fili don amfanin jama'a, kuma ba yau muka fara jin cewa dasa bishiyar da mutum ko dabba za su amfana da ita sadaka ce mai gudana ba.

Da Bature ya zo, shi ma bai yi wasa da inuwa ba, sai dai kansa ya yi wa. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga ta tanadi a bar tazarar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Suka jera madaci da darbejiya a titunan Nasarawa da Bompai, suka ware filin sukuwa, filin folo, filin golf. Har gobe in ka fito daga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Brigade da tsakar rana ka shiga GRA, fatar jikinka za ta gaya maka ka canza ƙasa. Turawan sun tafi tun 1960, waɗanda suka gaji gidajensu suka gaji inuwar, aka bar talaka inda aka same shi. Abin da Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa ke nan: a ce abu mai daɗi na wasu ne, wahala ta wasu ce, kuma wai haka Allah ya tsara. Duk ɗan siyasar Kano yana rantsuwa da sunan Malam a kan mumbari. To, ga wata ƙaramar jarrabawa.

A yi wa marigayi Audu Bako adalci. Ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ɗan sanda ne, ba zaɓarsa aka yi ba, bai nemi ƙuri'ar kowa ba. Amma a zamaninsa aka yi madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga, kuma shi ne ya ware fili fiye da hekta 40 a farkon shekarun 1970 aka yi Gidan Zoo, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Lokacin wajen bayan gari ne. Da ya ga dama da ya yanka shi fulotai ya raba wa abokai, ba mai ce masa don me. Sai ya bar wa jikokin mutanen da bai sani ba. Tambayi duk ɗan Kano da ya haura shekara talatin ina ya fara ganin zaki ko jimina ido da ido, zai ce maka Gidan Zoo, ranar yawon Sallah, da sabon ɗinki da kuɗin barka da Sallah a aljihu.

Yanzu mu yi lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9 da dubu 400, kuma daga lokacin zuwa yau kowa ya ga yadda birnin ya tumbatsa, ya haɗiye ƙauyukan Kumbotso da Ungogo, yana lasar Gezawa da Dawakin Kudu. A cikin shekara hamsin da doriya tun bayan Audu Bako, wane fili mai girman Gidan Zoo aka ƙara ware wa jama'a a cikin birni? Ku ambata mana ɗaya. Gwamnatocin soja sun zo sun wuce, na farar hula sun zo sun wuce, tun daga 1999 manyan jam'iyyu sun karɓi mulkin jihar nan bi da bi. An yi gadojin sama da na ƙasa, an yi shataletale masu fitilu, ba mu raina ba. Amma wurin da za ka shimfiɗa tabarma da iyalinka? Shiru. Otal ɗin bakin tafkin Bagauda, da a da ake zuwa hutu, ya koma makarantar horar da lauyoyi. Ba laifi ba ne a yi makaranta, amma ba a musanya wa jama'a da wani wurin ba. Tiga kuwa, ga ruwa iya ganinka, ga duwatsu, ga iska mai sanyi ko a tsakiyar Afrilu, amma ba a yi wa talaka tanadin komai a bakin ruwan ba.

Shi kansa Gidan Zoo ya sha da ƙyar. A zamanin gwamnatin Ganduje an sanar da shirin ɗauke shi a mayar da shi Tiga, hujjar ita ce gari ya kewaye shi, hayaniya na damun dabbobi. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, dabba na son sarari da shiru. Amma tambayar da jama'a suka yi a lokacin ita ce tambayar da muke yi yau: in an kwashe dabbobin, filin fa? Bishiyoyin da suka shekara hamsin fa? Sannan Tiga tafiyar kusan kilomita 70 ce. Magidanci mai 'ya'ya shida da ke Sheka ko Gandun Albasa, wanda yanzu da ƙafa ma zai iya kai su, nawa zai kashe a mota kafin ya kai ƙofa? In ana son a yi babban gandun dabbobi a Tiga, bismillah, a yi, mu ma za mu je. Amma filin da ke titin Zoo Road ko da kura ɗaya ba ta rage a cikinsa ba, bai kamata a taɓa ko taku ɗaya ba. Darajarsa yanzu ba zakin ba ce, inuwar ce.

Kun tuna abin dariyar nan na 2019, da aka yi ta yaɗa cewa wai goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 na kuɗin shiga da aka tara lokacin Sallah? Duniya ta yi mana dariya, daga baya gwamnan lokacin ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. An yi raha an wuce. Abin da ba a tsaya an lura da shi ba shi ne adadin. A 'yan kwanakin Sallah kawai, daga aljihun yara da iyayensu, kuɗi kaɗan-kaɗan, aka tara wannan. Wannan shi ne amsar duk mai cewa mutanenmu ba su damu da wurin shaƙatawa ba. Sun damu. Wurin ne babu. Shi ya sa ranar Sallah za ka ga cunkoso a ƙofar nan har yara na ɓacewa, don gari guda ne ke neman shiga ta ƙofa ɗaya.

To yaya filayen ke tafiya? Ba da dare ake sace su a buhu ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana, don amfanin jama'a. Kalmar amana tana cikin dokar. Idan hukumar tsara birni ta zana sabuwar unguwa, a kan taswira za ka ga an bar wurin makaranta, wurin asibiti, wurin kasuwa, wurin wasan yara. Shekara biyu, uku, filin na nan yara na buga ƙwallo. Wata rana da safe sai a ga tifa ta juye yashi. Kafin mai unguwa ya gama tambaya, an zuba harsashi. In ka bincika sai a nuna maka takarda da hatimi, an sauya manufar fili, an yanka shi gida huɗu ko an jera shaguna. A unguwannin awon igiya kuwa ba a ma fara barin komai ba, dillali ba ya barin ko wurin juya mota, balle wurin wasa. Kududdufi a cike shi da shara, a danne da ƙasa, a sayar. Damina ta zo ruwa ya rasa gidansa ya shigo namu, mu ce ƙaddara.

Nan ne za mu faɗi abin da ba a so, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su wa ake ba wa fulotan nan? Ba aljanu ba ne. Da yawansu ladan siyasa ne. Wane ya yi wahala a kamfe, a sallame shi da fuloti. Wane ya kawo akwatinsa, a ba shi shago biyu a jikin katangar makaranta. Wane yana surutu a rediyo, a toshe bakinsa da takarda. Kuma wallahi ba jam'iyyar da za ta ɗaga hannu ta ce nata hannun a wanke yake, har da tamu. Akwai 'yan uwanmu da muke zama inuwa ɗaya da su a taro, waɗanda suka karɓa, suka sayar a ranar, suka ci kuɗin, yau 'ya'yansu na buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin motoci. Ba mu kama suna ba, wanda ya tsargu shi ya sani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma in muna zagin wancan ɓangare da cin filaye alhali muna jiran namu rabon in an ci zaɓe, to ba canji muke nema ba, layi muke bi.

Dubi abin da ya faru da Filin Idi na Ƙofar Mata. Wata gwamnati ta bari aka kewaye shi da shaguna, wata ta zo a 2023 ta rushe, aka kwashi shari'a. Ko wane gefe kake a wannan rigima, abu ɗaya ba ya musuntuwa: 'yan kasuwa sun yi asara, jiha ta shiga ɗawainiyar kotu da biyan diyya, kuma ba abin da zai hana gobe wani ya sake yankawa, jibi wani ya sake rushewa. Muddin makomar filin jama'a tana rataye da ra'ayin mutum ɗaya da alƙalaminsa, haka za a yi ta yi, gina-rushe, gina-rushe, da kuɗinmu.

Wanda ke biyan farashin wannan duka ba ya cikin masu sa hannu. Duk bazara sai mun ji sanarwar hukumar kashe gobara: an ciro gawar yaro daga kududdufi, an ciro gawar saurayi daga rafi ko ramin da masu haƙar yashi suka bari. Me ya kai su? Zafi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da jikinsa ke ƙuna ba zai zauna a ɗaki don an ce masa kar ya fita ba. Zai nemi ruwa, kuma ruwan da zai samu shi ne wanda ba mai tsaro, ba wanda ya san zurfinsa, ga laka a ƙasa. Ba a koya masa iyo ba, don ba inda za a koya masa. Sai a yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya sayar da filin unguwar shi ma zai amsa tasa tambayar. Haka kuma ma'aikatan lafiya kullum suna gargaɗi cewa lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, a guji cunkoso a ɗaki marar iska. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano ba sa son a tuna musu. To mutum goma a ɗaki ɗaya, in sun guji ɗakin su tafi ina?

Sannan iyayenmu mata da matanmu. Namiji ko ba komai zai fita majalisa, zai zauna a ƙofar masallaci, zai je gindin gadar da muka faɗa. Ita kuwa tana cikin gidan haya mai tsakar gida kamar tafin hannu, ga murhu, ga yara, ga kwano na zuba wuta daga sama, tun safe har dare, wata uku cur. Ranar zaɓe ita ce ke fara kama layi, ita ce ke jurewa rana har a ƙirga. Mun iya kiran mata da "iyayen tafiya" in muna neman ƙuri'a. Wane ɗan takara ne ya taɓa tunanin inda za ta je da la'asar ta miƙe ƙafa ta sha iska cikin mutunci?

Za a ce mana ana fama da abin da za a ci, wa ke ta shaƙatawa? Gaskiya ne, yunwa ta fi komai gaggawa, kuma ba mu ce a ɗebi kuɗin taki ko na magani a sayi lilo ba. Amma a lura, hana sayar da fili ba ya cin ko kwabo. Abin da yake ci shi ne kwaɗayin wasu. Kuma wurin da jama'a ke taruwa kasuwa ce da kanta: mai kankana, mai rake, mai mangwaro, mai zoɓo da kunun aya, mai tsire, mai hoto, mai hayar tabarma, mai gadin babura. Je ka ƙofar Gidan Zoo ranar Sallah ka ƙirga mutum nawa ke cin abinci a wurin. Za a kuma ce wuraren nan matattarar baɗala ce da shaye-shaye. Wannan ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, mun ga wuraren da suka lalace haka. Amma duba da kyau, wanne ne ke lalacewa? Wanda aka yi watsi da shi, ba fitila, ba mai gadi, ciyawa ta rufe. Wurin da magidanta ke zuwa da iyalansu, akwai haske, akwai masallaci da banɗaki da ruwa, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai ranar da aka ware wa mata da yara zalla, ɗan shaye-shaye da kansa zai canza hanya. Ba a rushe kasuwa don akwai ɓarayi a cikinta. Mu Kanawa mun iya tsara abu daidai da addininmu da al'adarmu in mun ga dama.

A waje da birni ma labarin ɗaya ne. Dajin Falgore, a hanyar Jos, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, gandun daji ne na gwamnati tun zamanin Turawa. A da ɗalibai kan je yawon buɗe ido. Da aka sake shi, sai ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sai da soja suka kafa wurin atisaye a ciki. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga, wasu ne za su shiga. Ga maƙwabtanmu Bauchi da Yankari: an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Kuma ƙarshen rani zuwa bazara shi ne lokacin da ya fi daɗin zuwa, don ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, giwaye da sauran namun daji na gangarowa kogin Gaji su sha, ka gan su a sarari. Ga ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa garau, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yankari na da nasa matsalolin, amma ɗan Bauchi na da abin nunawa. A gabas da mu kuma, fadamun Haɗeja zuwa Nguru, irin su Baturiya, tsuntsaye ne ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan, in bazara ta kama su juya gida. Bature na biyan kuɗin jirgi ya zo kallonsu. Ɗan makarantar gwamnati a Kano ya gama sakandare bai taɓa jin labarin ba, balle a sa shi a mota a kai shi. Kuma ruwan da ke raya fadamun nan daga kogunanmu yake tafiya, ta Tiga da Challawa, ka ga ashe muna da hannu a ciki ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari mu taɓo bikin dashen bishiya, don nan ma ana yi mana wasa da hankali. Duk damina sai an fito da manyan riguna, a kafa rumfa, mai girma ya durƙusa ya dasa ɗan tsiro, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto, a sanar da cewa za a dasa miliyan kaza. Dasawa a watan Yuli ba gwaninta ba ce, sama ce ke ba da ruwa. Jarrabawar bishiya ita ce bazararta ta farko da ta biyu. Wa zai ba ta ruwa a watan Afrilu? Wa zai kewaye ta kar akuya ta cinye? Ku koma wuraren da aka yi bikin bara da bara waccan ku ƙirga abin da ya rayu. Duk ɗan takarar da ya ce mana zai dasa miliyan, mu tambaye shi nawa ya ware na ban ruwa da kariya, kuma wa za a kama in sun mutu. Gara dubu goma da za su kai shekara biyar da miliyan da ba za ta ga Sallah ba. A kuma riƙa dasa abin da ya san ƙasar nan, darbejiya, madaci, tsamiya, ceɗiya, mangwaro, gawo a gonaki, ba furannin ado da sai an yi musu ban ruwa kamar jarirai ba.

Don haka ga abin da wannan tsagi zai ɗora a kan tebur, kuma muna so wakilanmu su riƙe shi da kyau kafin zaɓen fidda gwani, don bayan an ba mutum tuta ba ya ƙara ɗaga waya. Duk mai neman goyon bayanmu, daga kansila zuwa ɗan majalisar jiha zuwa gwamna, ya yarda a rubuce cewa zai tsaya a yi doka wadda za ta lissafa filayen jama'a ɗaya bayan ɗaya da sunansu da iyakarsu: Gidan Zoo, filayen Idi, filayen makarantu, maƙabartu, abin da ya rage na ganuwa da kududdufai, kewayen Dala da Goron Dutse, filayen wasa na unguwanni. A buga jerin kowa ya gani. Kada a sauya manufar ko ɗaya sai an kai gaban majalisa a fili, an kuma saurari mutanen unguwar. Gwamna mai amana ba zai ji tsoron wannan doka ba, ai sauƙi ma za ta yi masa, in 'yan uwa da abokan siyasa sun matsa masa sai ya ce doka ta ɗaure ni. Bayan wannan, kowace ƙaramar hukuma a cikin takwas na birni ta fitar da wuri aƙalla ɗaya ta kewaye, ta dasa, ta sa famfo da banɗaki da fitila da mai gadi. Ba sai an kawo kwangilar biliyoyi da marmara daga waje ba, mun san inda irin wannan ke ƙarewa. Kuɗin shiga, in ma za a karɓa, ya zama wanda mai turin baro zai iya biya wa 'ya'yansa, kuma kar a miƙa wa ɗan kasuwa ya mayar da shi wurin biki na masu kuɗi ya rufe ƙofa. A bakin Tiga kuma a keɓe wuri marar zurfi, a sa masu ceto daga cikin masuntan yankin da suka san ruwan, a riƙa kai 'yan makaranta ana koya musu iyo.

Sai namu ɓangaren, don ba za mu ɗora wa wasu abin da muka kasa ba. Shugabannin wannan tsagi, daga mazaɓa zuwa jiha, su fara da kansu: in Allah ya ba mu nasara, ba za mu karɓi fuloti ko shago da aka yanka daga filin jama'a a matsayin sallama ba. Mun san wannan magana za ta sa wasu su yi tsaki, wasu ma su fice daga shafin. Allah ya raka taki gona.

Kafin ruwan farko ya sauka, muna roƙon kowane ɗan uwa ya zagaya mazaɓarsa. Filin da yara ke ƙwallo, kududdufin da aka fara zuba wa shara, tsohuwar bishiyar da aka shafa wa jan fenti, katangar makarantar da aka fara aunawa da dare. Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan unguwa da mazaɓa, ku tambayi dattawan wurin tun yaushe filin yake kuma me aka ce za a yi da shi, ku turo mana ta akwatin saƙon shafin nan. Ba ma son zargi ko sunan kowa, wuri kawai da abin da ido ya gani. Za mu haɗa su mazaɓa-mazaɓa, mu buga, kuma da wannan takarda za mu shiga ɗakin duk ɗan takarar da ya gayyace mu shan ruwa.

Allah ya kawo mana damina mai albarka.